Awon Wuta a Shagon Kawu

Shekara goma sha ɗaya na yi ina jan motar haya tsakanin Kaura Namoda da Shinkafi, wani lokaci in karkata Zurmi idan fasinja ya yi wuya. Na ajiye tuƙi ne a daminar da aka tare mu kusa da Badarawa. Gero ya fi tsayin mutum a lokacin. Daga cikinsa 'yan bindiga suka fito, aka harbi tayar gaba, motar ta gangara gefe ta tsaya da kanta. Mutum tara na ɗauko daga tasha. Suka kora huɗu cikin daji, ɗaya ya cika a kujerar da ke bayana, sauran suka watse cikin gonaki. Ni aka ce in kwanta, na kwanta rub da ciki a bakin kwalta, kuma a nan suka bar ni. Ko ƙwarzane ban samu ba.

Bayan haka gida na zauna. Mai motar ya aiko aka jawo ta, ban tambayi inda aka kai ta ba. Mutane suna zuwa jaje, in fito zaure in zauna, su ce Allah ya kiyaye gaba, in ce amin. Ba kuka nake yi ba, ba firgita nake yi ba. Ina salla a kan lokaci, ina cin abin da aka ajiye mini. Abin da na rasa kawai shi ne dalilin tashi daga inda na zauna. Sai in kafa wa kaji ido suna tonon ƙasa tun hantsi har a kira azahar, kuma da za a tambaye ni abin da nake tunani, gaskiyar amsa ita ce babu.

Wajen wata biyu ina haka, Kawu ya zo. Yayan mahaifiyata ne, mai gyaran rediyo tun zamanin da jirgin ƙasa ke cika tashar Kaura da hayaniya. Shagonsa yana layin da ke bayan kasuwa, tsakanin wani tela da mai sayar da fanka. Yanar ido ta riga ta rufe masa idanu biyu. Yana ganin haske da inuwar mutum, amma ba ya ganin rubutu, da hannu da kunne da hanci yake aiki. Ya lalubo bango ya zauna, muka gaisa.

"Direba," ya ce, don haka yake kirana, "idanunka na gani?"

"Suna gani, Kawu."

"To mi kaka yi da su?"

Bai jira amsata ba.

"Gobe ka taho shago. Akwai abin da nika son ka duba mani."

Na je ne saboda zuwan ya fi mini sauƙi a kan neman uzuri.

Abin yana kan tebur cikin kwalinsa. Babban ɗansa da ke aiki a Kaduna ne ya aiko masa, bai san idon ya lalace haka ba, don Kawu ya hana a faɗa masa. Injin awon wutar lantarki ne, sunansa osiloskof, amma Kawu sikof yake cewa, ni ma haka na ɗauka. Girmansa bai wuce na rediyon ɗaka ba. Ta hagu gilashi ne kamar na ƙaramar talabijin, ta dama maɓallai da abubuwan murɗawa, waɗanda Kawu ke kira kunnuwa. Akwai igiya mai tsinke a baki, kusa da tsinken kuma wata gajeriyar waya tana reto da ɗan maƙali mai haƙora. Shi kuma kada yake ce masa, don ya yi kama da bakin kadan ruwa.

Ya ce yana saurayi ya yi aiki da irinsa a wani wurin gyara, tsohon yayi, mai zagayayyen gilashi kore, mai nauyin buhun gero. Ya san abin da ya kamata a gani, ganin ne ba ya iyawa. Ni kuwa a aji uku na sakandare na tsaya, sanina da wuta bai wuce ɗaure kan batirin mota da canza fis ba. Akwai littafi a kwalin, da Turanci, rubutun ƙanana. A watannin ne kuma aka datse layukan waya a yankinmu, ba damar kiran wanda ya aiko a tambaye shi. Daga ni sai Kawu sai abin.

"Kunna shi."

Na kunna. Gilashin ya yi haske, ya fito a rarrabe gida-gida kamar takardar lissafi, da wani rawayan layi kwance a tsakiya. Na faɗa masa.

"Wanga layi shi ne sifiri. In ka gan shi kwance nan, babu wuta." Ya laluba cikin wani gwangwani ya miƙo mini batirin tocila. "Maƙala kada a gindi, ɗora tsinke a kai."

Layin ya yi tsalle sama ya tsaya.

"Ya tashi."

"Gida nawa?"

Na sa yatsa na ƙirga. "Ɗaya da rabi."

"Dubi ƙasan gilashi wajen hagu, akwai lamba."

"An sa ɗaya."

"Kowane gida bolt ɗaya ke nan. To batirin nawa ne?"

"Ɗaya da rabi."

"Ka auna wuta ke nan, Direba. Juya batirin mu gani."

Na juya, layin ya faɗa ƙasa da tsakiya, gida ɗaya da rabi. Kawu ya yi dariya har da buga cinya, ya ce shekara arba'in rabonsa da jin wannan. Na san ya kamata in ji wani abu ganin tsoho yana murna haka. Na dai riƙe tsinken ina jiran abin da zai ce in yi na gaba.

Ranar, gwangwanin na auna gaba ɗaya, tsofaffin batura da sababbi a cakuɗe. Wanda ya kai gida ɗaya da rabi in ajiye dama, wanda bai cika gida ɗaya ba in jefa a bokiti. Kawu ya ce mitarsa ta hannu ma za ta yi wannan aikin, so yake dai idona ya saba da gidajen. Aka kira la'asar ban ji ba, sai da tela ya leƙo ya ce mu tashi.

Washegari na koma ba tare da an ce in koma ba, jibi ma haka. Na koyi kunnen farko, mai canza darajar gida. In ka murɗa shi, gida ɗaya ya zama bolt biyu, ko biyar, ko goma, layin ya hau ko ya sauko alhali wutar tana nan yadda take. Wannan ya ɗaure mini kai kwanaki. Sai in ga layi ya kusa taɓa saman gilashi in ce wuta ta yi yawa.

"Kada ka hwaɗa mani tsawo," in ji Kawu. "Gida nawa, kuma kowane gida nawa ya ɗauka. Biyun nika so."

Mai fanka ya yi karatun lantarki kafin ya koma kasuwa. Wata rana ya shigo ya tsaya a kaina, ya miƙa hannu ya danna wani koren maɓalli a sama. Sikof ya yi ƙas-ƙas, ya daidaita kansa, ya rubuta amsa a ƙasan gilashi. Ya ce mene ne na wahalar ƙirga da yatsa, ai an wuce nan. Kawu ya bari sai da ya fita.

"Ka ƙirga tukuna, sannan ka dubi abin da ya rubuta. Ranar da kunka saɓa, ɗayanku ya yi kuskure, sai ka nemo wane ne."

Ban yi musu ba. Ƙirgar ma ta fi mini. Muddin ina bin gidajen da yatsa, ba abin da ke kaina sai su.

Kuskurena na farko kuwa tare muka yi shi da sikof ɗin. Wani ɗan kabu-kabu ya kawo batirin babur ɗinsa, ya ce ba ya tayarwa. Na maƙala kada, na ɗora tsinke. Gida ɗaya da 'yar ɗoriya, kowane gida bolt ɗaya. Na dubi rubutun ƙasa, shi ma haka ya ce. Na ce wa mutumin batirinsa ya mutu murus. Ya fara salati, ya ce ko wata uku bai yi ba. Kawu ya ce a miƙo masa. Ya ɗauki guntun waya ya gifta kan batirin, tartsatsi ya tashi.

"Matacce ba ya yin haka. Ba ni tsinken."

Ya bi jikin tsinken da babban yatsa har ya tsaya a kan wani ɗan makunni da ban taɓa lura da shi ba. Ya ce gefe ɗaya yana barin wuta ta wuce yadda take, ɗaya gefen yana raba ta goma, don awon babbar wuta. Na goge shi ban sani ba, shi kuma sikof ba a faɗa masa ba, sai ya nuna kashi ɗaya cikin goma. Ya mayar da makunnin. Na sake aunawa, layin ya ɓace ta sama. Na murɗa kunne zuwa bolt biyar, ya dawo. Gida biyu da rabi. Sha biyu da rabi. Batirin lafiyarsa ƙalau, kansa ne ya yi tsatsa. Ɗan kabu-kabun ya harare ni, na ce ya yi haƙuri, ya ɗauki abinsa. Kawu bai yi mini faɗa ba. Tun daga ranar dai yatsana ke taɓa makunnin nan kafin in ɗora tsinke a kan komai.

Sai muka koma wutar bango. Kawu ya ciro ƙaramar taransifoma daga wata matacciyar rediyo, mai rage wutar bango zuwa bolt sha biyu, ya ce in auna bakinta. Ina ɗora tsinke gilashin ya cika da rawaya kamar an shafa fenti. Ya ce in kama kunne na biyu, na lokaci. Ina murɗawa fentin ya buɗe ya zama igiya mai hawa da sauka, tana gudu daga dama zuwa hagu, ta ƙi tsayawa. Ya ce akwai na uku, ƙarami, mai ɗaga wata 'yar kibiya a gefen gilashi, in kawo kibiyar cikin igiyar. Na kawo ta, igiyar ta tsaya cak.

Na ƙirga. Gida uku da kusan rabi sama, haka ma ƙasa, kowane gida bolt biyar. Sha bakwai ke nan kowane gefe. Na ce taransifomar ta lalace, tunda sha biyu aka rubuta a jikinta. Ya ce in sa mita. Mita ta ce sha biyu.

"Dukansu gaskiya sunka hwaɗi. Mita ƙarfin aikin wutar taka ba ka. Shi ko wanga yana nuna maka iyakar inda take kaiwa kafin ta juyo."

Ban gane ba. Na ce to. Sai bayan watanni abin ya zauna mini, ina cikin wani aikin daban.

Tun farko Kawu ya gargaɗe ni cewa kada a haɗe yake da ƙasa, ta cikin sikof har zuwa wani ƙarfe da ya binne a bayan shago, don haka ba a maƙala shi a gefen da wutar bango ke shigowa kai tsaye. Na ji, na kuma maimaita masa. Wata rana da azahar ya fita alwala, ya bar ni da allon wata talabijin a jone. Hannuna ya kai kada daidai inda aka hana. Wani shuɗin haske ya tashi, da ƙara kamar ta bindiga. Tela ya faɗa ƙarƙashin kekensa. Wani a bakin layi ya yi ihu ya ce sun shigo, nan da nan aka fara gudu ana buga ƙofofin shaguna. Ni ina tsaye da tsinke a hannu ina kallon hayaƙi yana tashi daga wayar.

Kawu ya shigo da buta, yana lalube har ya kama damtsena. Ya bi yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ya taɓa fuskata.

"Ka ji ciwo?"

"A'a."

"Ka tsorata?"

"A'a, Kawu."

Ya daɗe riƙe da wuyan hannuna. Sannan ya ce, "Da ka tsorata da na fi so." Ya sake ni ya fita ya gaya wa mutanen layi ba komai ba ne. Maƙalin kada ya narke, amma sikof ya tsira, akwai kuma igiya ta biyu a kwali. Daga ranar ya kafa doka, wutar bango ko ta janareta ba na auna ta sai ta bakin ƙaramar taransifomar nan.

A gida, maiɗakina ba ta cika tambayata ba. Wata rana ina cin tuwo ta zauna nesa kaɗan tana kallona har na gama, na wanke hannu.

"Malam, kwana uku ke nan ina zuba maka miya kafin in sa gishiri. Ina jira ka yi magana."

Na ce ban lura ba. Ta ɗauki kwanon ta shiga ɗaki. Na ji tana jan hanci, na zauna ina sauraro har ta daina, sannan na tashi na tafi shago.

Da bazara, zafi ya kai inda ƙarfen liƙi da iskar shago ba su da bambanci, wani mutum ya yi sallama da abu a naɗe cikin buhu. Ramamme ne, yana jan ƙafar hagu. Ya sauke kayan, ya ce shi ne ladanin wani masallaci a Katuru, injin lasifikarsu ne ke gurnani har ba a jin kiran salla. Yana cikin bayani ya dube ni ya tsaya.

"Direba? Kai ne?"

Sai a sannan na gane shi. Shi ne ya zauna a gaba kusa da ni ranar, yana cikin huɗun da aka kora. A lokacin yana da jiki.

"Ni ne, Malam."

"Ashe kana raye. Mu can mun ɗauka sun kashe ka."

"Ina raye."

Kawu ya tura masa kujera. Ya zauna, aka ba shi ruwa. Ba wanda ya tambaye shi, shi ya faɗa da kansa, da murya ɗaya kamar mai karanta wasiƙar wani. Wata uku suka yi. Su uku suka dawo. Matar da ke cikinsu, 'yar garinsu ce, zazzaɓi ya kama ta a sati na biyar, a can suka binne ta. Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Bakina ne ya faɗa. Ya ce ba wanda ya ga laifina, hanya ce, kowa bin ta yake. Na ce na gode. Sai na jawo buhun na kwance injin.

Ya ce in an sa shi a batir lafiya lau yake, sai an tayar da janareta yake gurnanin. Na jona shi a bango, na haɗa masa wata tsohuwar lasifika, nan take shagon ya cika da ƙugi. Kawu ya ce in auna inda wuta ke fitowa bayan an mayar da ita irin ta batir. Mita ta ba ni kusan abin da ya kamata. Na ɗora tsinken sikof. Layin ya hau inda ya dace, amma ba siriri ba ne, yana da kauri, yana rawa. Akwai wani saiti da Kawu ya koya mini, mai cire tsayayyar wuta ya bar maka abin da ke motsi a kanta kawai. Na sa shi, na rage darajar gida zuwa bolt ɗaya.

"Mi ka gani?"

"Haƙoran zarto. Gida biyar daga ƙasa zuwa sama." Kafin ya yi magana na ƙara da cewa, "Babbar kondensar ce ta bushe, Kawu. Ba ta riƙe wuta."

Kawu ya ce, "To canza ta."

Na narke dalma na cire ta, kanta ya kumbura. Na samo irinta a akwatin Kawu na liƙa. Da na sake aunawa haƙoran sun kwanta, ko rabin gida ba su kai ba, ƙugin kuma ya ɗauke. Na mayar da tsinke bakin da ke zuwa lasifika, na miƙa wa Ladan makirfo. Ya hura sau biyu, ya yi sallama a hankali. Layin ya tarwatse ya yi tsalle-tsalle, ya koma ya kwanta da ya yi shiru. Ya matso da fuskarsa kusa da gilashin.

"Muryata ce wagga?"

"Ita ce."

Ya sake yin sallama yana kallo, ya sake. Sannan ya ajiye makirfon. Ya ce wannan ne karo na biyu da injin ya yi haka cikin shekara, ko zan zo in duba musu janaretan da wayoyin, don ba mai iyawa a garin. Kawu ya riga ni amsawa.

"Zai taho ranar kasuwar Shinkafi. Motoci sun fi yawa."

Ranar na naɗe sikof cikin bargo, na sa taransifoma da mita a jaka. A tasha direbobi suka taso suna gaishe ni, wasu har da runguma. Na shiga kujerar baya na ɗora kayan a cinya. Motoci shida muka tashi a jere. Direbanmu tsohon abokin aikina ne, da muka kusa wurin sai ya rage rediyo, ya dube ni ta madubi. Na leƙa ta taga. Gonakin fayau suke, ba komai sai kututturan kara da awaki. Ana hango nesa ta kowane gefe. Na nemi daidai inda na kwanta ban gane shi ba, bakin kwalta duk iri ɗaya ne. Muka wuce. Ya mayar da rediyonsa.

A Katuru Ladan yana jirana a bakin hanya. Masallacin na ƙasa ne, da rufin kwano, janaretan yana cikin wata 'yar rumfa a baya. Dattawa uku suka zo suka tsuguna suna kallo. Aka tayar da shi, tun daga ƙararsa na ji yana gudu fiye da kima. Na jona sikof, na jona taransifoma, na auna bakinta. Igiyar ta haura inda na saba ganinta a shago. Na daidaita kunnen lokaci yadda hawa ɗaya da sauka ɗaya za su ci gida huɗu in wuta daidai take. Gida uku da rabi suka ci. Ladan ya ce wani ne ya ƙara masa wuta bara, don fitilu su fi haske.

Wannan ɓangaren ba sai an koya mini ba, inji ne. Na karɓi sukudireba na tsuguna, na sa Ladan ya juyo mini da gilashin. Ina sassauta sukurun gudu kaɗan-kaɗan, ƙarar tana sauka, igiyar tana miƙewa, har ta cika gida huɗu cif, tsayinta ma ya dawo daidai. Na ɗaure. Na bi wayoyin lasifika har saman rufi, na sami wuri biyu da rana ta cinye roba, na naɗe. Lokacin azahar ya yi, Ladan ya kira salla. Muryar ta fita tas, har wata mata a gidan da ke kusa ta leƙo ta katanga.

Bayan an sallame, wani mutum ya tsaya a bakin ƙofa yana jirana, da ƙurar gona a ƙafarsa. Ladan ya raɗa mini cewa mijin marigayiyar ne. Muka gaisa, na yi masa ta'aziyya. Ya ce an gaya masa abin da ya faru a daji, ya ji duka. Abin da bai ji ba shi ne na cikin mota.

"Ta ce wani abu kafin a tare ku?"

Na tsaya ina nema. Tun ranar ban waiwayi abin da ya faru kafin harbin ba. Sai ga shi ya zo, ƙarami. Na ce masa a tasha ta sayi dafaffiyar gyaɗa. Da muka fita gari ta miƙo mini cikin tafin hannunta ta kafaɗata, ta ce direba ya ci kada ya yi gyangyaɗi. Ta kuma ce a sauke gilashi, zafi ya yi yawa. Iyakar abin da na ji ke nan.

Ya gyaɗa kai. "Tana son gyaɗa," ya ce. Ya sake riƙe hannuna ya yi godiya, ya sa takalmansa ya bi ta bayan masallaci.

Aka kawo mini fura na sha. Na naɗe sikof, na sami mota mai komawa kafin la'asar, don ba a yin yamma a hanyar. A cikin motar na ɗauka kuka ne zai zo, na jira shi har muka shigo Kaura. Bai zo ba.

Ladan ya ba da labari a garuruwa, aiki ya fara zuwa daga wajen Shinkafi da Zurmi, yawanci injin lasifika da inbatar sola. Wani daga Gurbin Bore ya kawo akwatin wutar famfon rijiyarsu a kan babur, na kwana huɗu a kansa kafin in gano abin da ke damunsa. Kawu ya rage zuwa shago, sai ranar da ya ji ƙarfi, ya zauna a bakin ƙofa suna gardamar siyasa da tela. Ba zan ce na koma yadda nake a da ba. Akwai ranakun da nake wuni ban yi magana da kowa ba in ba mai kawo gyara ba. Ina buɗe shago da ƙarfe takwas, in share tebur, in jona ƙarfen liƙi ya yi zafi, in jawo abin da ke kan layi.